Amsar Baffa kan sanya wa jaririya sunan Aliyu

Ɗana, barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Ka ce mace aka samu, amma tun cikin yana ƙarami ka ƙudurta mayar da sunan marigayi mahaifinka, don haka kana tambaya ko laifi ne a yi mata huɗuba da Aliyu, tunda maƙwabtanku a Idi-Araba ta Legas ba su bambanta sunan namiji da na mace. Tambayar ta sa ni murmushi, ta kuma hana ni sukuni.

Maƙwabtan naka Yarabawa a kan tsarinsu suke. Tobi, Tosin, Yemi, Bola, duk namiji da mace na amsawa, domin yawancin sunayensu magana ce aka gutsuro, ba ruwanta da jinsi. Namu ba haka aka gina shi ba. Ko sunan rana sai da aka raba: Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Balaraba. Wanda ya biyo mata Tanko ne, wadda ta biyo maza Kande. Tagwaye Hassan da Hassana, Husaini da Husaina. Waɗanda ake tarayya a kai 'yan kaɗan ne, irin su Gambo da Auta, su ma ba da su ake yanka rago ba.

Ku yaran yanzu ba ku ga yadda ake suna a Agege ba a da, shi ya sa kuke ɗaukarsa abin da miji da mata za su yanke a waya. Ana idar da sallar asuba ran kwana bakwai, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙwaryar goro a gaban liman, rago a ɗaure a gefe. Uban jariri ba ya buɗe baki a taron. Wansa ko mahaifinsa ne zai sunkuya ya raɗa wa liman sunan, shi kuwa liman yakan ɗan yi shiru tukuna, ya auna. In ya ji abin da bai kwanta masa ba, nan take zai ja dattijon gefe, a gyara kafin kowa ya ji. Sai a yi addu'a, a shafa, maroƙi ya miƙe ya kwarara sunan har matan cikin gida su ji, guɗa ta tashi. Aliyu kuwa ba a faɗarsa haka kawai, sai an bi shi da kirari: Gadanga ƙusar yaƙi, Haidar, Zaki. To ka faɗa mini, a gaban wannan taron, wane maroƙi ne zai yi wa jaririya wannan kirarin? Daga nan a yanka rago, wanzami ya zauna aski, a auna gashin a yi sadakar kwatankwacin nauyinsa na azurfa. Iyayenmu sukan ce suna linzami ne, shi ya sa ba su bar wa mutum ɗaya riƙonsa.

Akwai kuma alkunya. Ita mai jego ba za ta iya kiran sunan surukinta ba. In namiji ne, ta ce Abba ko Baffa, an huta. In takwarar kaka mace ce, Ummi ko Walida. Yarinya mai sunan kakanta namiji fa, da me uwarta za ta kira ta?

Ta fuskar addini, ka je wajen malamin unguwarku. Abin da na tabbatar shi ne Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauya wa mutane sunayen da ba su dace ba, har Barra ya mayar Zainab, ya kuma yi hani ga mace ta kamanta kanta da namiji. Ko sunayen bauta an ware, namiji Abdullahi, mace Amatullahi.

Wahalar takarda ita ce ba ka hango ba. Sunan da ka ba Hukumar Ƙidaya a takardar haihuwa shi zai bi ta zuwa NIN, WAEC, JAMB, BVN da fasfo. Sunanka ne zai zo na biyu, ka ga sunan maza biyu ke nan a jere. Ma'aikacin da ke cike fom da sauri zai sa mata namiji ba tare da ya ɗaga kai ba, daga nan bayanai su saɓa, banki ya riƙe asusu. In ta girma ta so sauyawa, sai rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, sannan ta bi ofisoshin nan ɗaya bayan ɗaya.

Aliya tana nan, suna ne mai kyau. Marigayi kuma yana da mahaifiya da ba a taɓa mayar da sunanta ba a gidanmu, ka tuntuɓi Gwaggonka kan wannan. Rago ɗaya ya isa a mazhabarmu ta Malikiyya, namiji ne ko mace. Ka je kasuwar dabbobi ta Oko-Oba da wuri, ka duba mai shekara, marar aibi, irin wanda zai yi layya. Wajen ƙirga kwana bakwai kuma, tunda bayan fitowar alfijir aka haife ta, ranar haihuwar ba ta cikin lissafi. Ka sanar da liman ranar tun yanzu.