Wane memorin kyamara ne ba ya kwantai?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayar da gyaɗarka, kana so ka saro memorin kyamara ka riƙa kasawa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, shi ne kake tambaya tsakanin katin SD, CF da microSD wanne zai dawo maka da jarinka. Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyukan Gaya da Garko, ina kuma sayar wa abokan sana'a kati, to ga abin da na gani.

Kaso mafi tsoka ka zuba shi a SD. Tun 1999 da SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi yake cin kasuwa, kuma Canon 600D da Nikon D3100 da ke hannun yawancin masu hotonmu shi suke ɗauka. Ka fi yawaita mai giga 32. Dalili kuwa, daga giga 64 kati ya koma SDXC, tsohuwar kyamarar da ta tsaya a SDHC, wato katin da bai wuce giga 32 ba, ba za ta karanta shi ba, sai mutum ya dawo maka da shi yana faɗa. Masu bidiyo ka nemo musu mai tambarin V30, wanda ba ya gaza megabait 30 a daƙiƙa, don mai nauyin gudu yakan yanke ɗauka ana tsaka da kamu.

MicroSD ma ka riƙe shi. Ranar da mai hoto bai zo ba, mai waya zai saya.

CF, wanda ya fito a 1994, kati ne mai ƙarko, amma sai masu irin Canon 5D Mark II ke nemansa, su nawa ne a karkararmu? Sai an ba ka sautu ka kawo. Ka tuna katin xD na Olympus da Fujifilm: da kamfanonin suka koma SD, wanda ya tara shi a shago kuɗinsa ya kwanta.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Na taɓa sarowa wajen wani dila a birni, an rubuta giga 64, ashe cikinsa bai kai 8 ba. Hotunan ɗaurin aure guda suka salwanta a hannun yaron da na sayar wa, har gidan ango na je ban haƙuri, wallahi har yau abin na raina. Ka sami mai kwamfuta ya gwada maka da manhajar H2testw kafin ka biya, kuma ku yi da dila cewa duk wanda ya faɗi gwaji za ka mayar masa.