Zane a taron bita na manya a Aboabo

Hajiya, kin tambaya ko sa manya su yi zane a bitar tsaftar unguwa da za ki yi a Aboabo ta Kumasi ba zai zama wasan yara ba. Ba zai zama ba, ki sa su. Raba su biyar-biyar, ki ba kowane rukuni babbar takarda da maka (alƙalamin zane mai kaurin baki), su zana taswirar layinsu: masallaci, famfo, kwata, bola, inda ruwa ke kwanciya da damina. Minti 15 ya isa. Kin san Kumasi, a zama ɗaya ga mai Hausa, ga mai Twi, ga mai Dagbani, ga tsohuwar da ba ta yi boko ba. In kika ce a rubuta, 'yan makaranta biyu ne za su riƙe biro, saura su yi tsit. A kan taswira kuwa kowa na da bakin cewa "a'a, ba nan kwatar ta bi ba."

Sharaɗi ɗaya: kada ki ce a zana mutum ko dabba. Akwai dattawan da ba sa zanen abu mai rai, na ga wanda ya ajiye alƙalamin saboda haka, bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Gidaje, hanyoyi da kibiyoyi sun wadatar.