Haɗin jan ƙarfe ya ƙi yanka DNA

Ɗan'uwa daga Bauchi, ka ce haɗin jan ƙarfe da sinadarin fenantirolin ya ƙi yanka filasmid ɗinka pBR322 (ƙaramin DNA mai siffar zobe). Fara duba ruwan da ka narka DNA a ciki. In TE ne (ruwan haɗin sinadaran Tiris da EDTA), EDTA ɗin da ke cikinsa ya damƙe jan ƙarfen. Koma Tiris zalla, pH 7.4. Sannan jan ƙarfe a siffar Cu(II) shi kaɗai ba ya yanka. Sai ka sa askobet (bitamin C) ya mayar da shi Cu(I), wanda ke aiki da H2O2 (haidirojin feroksaid) ya farmaki sukarin DNA. A ranar aikin za ka narka sabon askobet, don zafinmu na saurin lalata shi. Bar DNA da haɗin awa 1 a digiri 37 na Salshiyos. A jel ɗin agaros da ake rarrabe DNA a kai, naɗaɗɗen DNA da ba a yanka ba ne ke gaba, wanda aka tsinka igiyarsa ɗaya yana can baya, miƙaƙƙen da aka tsinka igiyoyinsa biyu kuwa a tsakani.