Kun Tambaya, Mun Amsa: Kayan Kirsimetin Yara da Kuɗin Makarantar Janairu

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan hidimar Kirsimeti suke, musamman daga gidajen da ke da ƙananan yara. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Yarana uku: mace mai shekara 7, namiji mai shekara 4, da auta mai shekara ɗaya da rabi. Maigidana malamin makaranta ne, albashinsa naira 95,000. Ni kuma zan kwashi adashin naira 100,000 a farkon Nuwamba. Kuɗin makarantar manyan biyun naira 40,000 ne a zango. Bara mun kashe komai a Kirsimeti, har yaran suka yi mako biyu a gida a Janairu. Yaya zan tsara bana? Daga wata uwa a Kafanchan.

Amsa: Maman yara, sannu da ƙoƙari. Kuɗin da za su ratsa hannunku naira 195,000 ne, amma ba duka ne na Kirsimeti ba, kuma a nan gidaje da yawa suke tuntuɓe. Wuraren aiki da dama sukan biya albashin Disamba da wuri, wajen ranar 20 ga wata. Na gaba kuwa sai ƙarshen Janairu, wato kusan kwana 40 a tsakani maimakon 30 da aka saba, ga kuɗin zango na biyu yana jira a makon farko ko na biyu na sabuwar shekara. Saboda haka ku ɗauka cewa albashin Disamba na Janairu ne. Ranar da ya shigo a cire 40,000 na makaranta. In makarantar tana karɓa tun kafin a koma hutu, a biya a karɓi rasit, domin kuɗin da ke gida a makon Kirsimeti ba ya kwana lafiya. Sauran 55,000 na cefane da kuɗin mota ne har wani albashin ya zo.

Abin da ya rage miki na hidima shi ne adashinki. Ga rabon da muke ganin ya dace da gida irin naku: 40,000 na suturar yara da takalma, 30,000 na girkin ranar 25 da 26, 15,000 na iyaye da maƙwabta da baikon coci, 5,000 na kayan wasa, sai 10,000 da ba za a taɓa ba sai larura ta taso. Ki sa kowane kaso a ambulan ɗinsa, ki rubuta sunansa a baya. In ambulan ɗin sutura ya ƙare, sayen sutura ya ƙare ke nan, ba a ranto daga na abinci. Kada kuma ki raina dubu goman nan. Lokacin hunturu ne, mura da tari ba sa sallama a gidan da ke da ɗan shekara ɗaya da rabi.

Sutura ce ta fi cin kuɗi, ita ce kuma ta fi jawo ɓacin rai, don haka bari mu daɗe a kanta. Turmin atamfa ɗaya, yadi shida, ya ishi yaran nan uku: kamar yadi biyu da rabi na doguwar rigar babbar, yadi biyu na riga da wandon namijin, yadi ɗaya na auta, har a sami ƙyallen ɗankwali. Anko ya fi sayen yadi kala uku sauƙi, domin mai shago yakan ƙara kuɗi in zai yanka turmi. Ki tuna da kuɗin shafi da zif da maɓalli, waɗanda ake mantawa da su har sai tela ya ambata.

Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka. Ki kai ɗinki a makon da kika kwashi adashi. Tela a Disamba yana karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa, ga matsalar wuta, kuma ɗinkin yara yake turawa baya saboda kuɗinsa bai kai na manya ba. Ki je da yaran a auna su a gabanki, kada ki aika da tsohuwar riga. Ki biya rabi, ki riƙe rabi sai kin karɓa. Ku tsayar da ranar 10 ga Disamba, domin in hannu ya matse ko wando ya ɗage a sami lokacin gyara. Ki ce masa ya bar inci biyu a kalmasar ƙasa da ɗan sarari a gefe, yadda za a iya saki su sake sawa a Ista.

Takalmi kuma, ki tsayar da yaro a kan takarda da yamma, ki zagaye ƙafarsa da biro, ki yanke siffar ki tafi da ita kasuwa. Ki zura ta cikin takalmin, ki bar faɗin babban yatsanki a gaba. Kada ki ƙara lamba biyu ko uku wai don ya daɗe. Yaro zai yini yana tuntuɓe, takalmin kuma zai lalace kafin ƙafar ta cika shi. In kuɗi sun yi kaɗan, ki sayi wanda zai je coci da shi ranar 25 ya kuma je makaranta da shi a Janairu. Rigar sanyi da hula da safa, gwanjo ya wadatar. Ki tambayi ranar da ake fasa dila ki je da sassafe, ki wanke, ki shanya a rana, ki goge. Auta bai san sabo da gwanjo ba. Abin da ya sani shi ne ko rigar tana sukar jikinsa, don haka ki guji leshi mai kaushi da duwatsun ado da zai iya ɓamɓarewa ya kai baki.

Tambaya: 'Ya'yana biyu, shekara 2 da shekara 5. Wane abin wasa ya kamata in saya? Babban ya dame ni da maganar nokawut, abin wasan wutar nan mai fashewa da ƙara. Daga wani uba a Bukuru.

Amsa: Baban yara, dokar gidanka ƙaramin ne zai kafa ta, domin duk abin da ka ba babban zai ƙare a hannun ƙaninsa. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa. Ka ɗauki kwalin da ke tsakiyar tishu ka gwada: duk abin da ya wuce ta cikinsa zai iya shaƙe ɗan shekara 2. Tun a shago ka ja tayar mota, ka ja idon 'yar tsana. In ya motsa a hannunka, zai fita a bakinsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙaramin batir mai siffar maɓalli, irin na agogo. Yana cikin tabarau masu walƙiya, da agogon roba, da huluna masu fitila da ke cika kasuwa a Disamba. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yakan fara ƙona naman wurin cikin awa biyu, alhali yaron na iya ci gaba da wasansa. Kada ka sayi abin da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da sukuru ba. In ka yi zargin an haɗiye, ku tafi asibiti nan take, a faɗa wa likita batir ne, kada a sa yaron amai, kada a jira a ga ko zai fita a bayan gida. Balan-balan ma ba na ƙananan yara ba ne sai da babba a kusa, kuma wanda ya fashe a tsince shi nan da nan, domin ɓallen robar yakan manne a maƙogwaro. Bindigar roba mai harba ƙwaya ido take nema.

Nokawut kuwa, amsarmu a'a ce. Rundunonin 'yan sanda na jihohi sukan sanar da haramta shi a ƙarshen shekara. Ko ba don haka ba, iskar hunturu ta busar da ciyawa da jinka, ga jarkar fetur kusa da janareta, ga kuma ƙararsa da ke firgita jama'a a garuruwan da suka taɓa ganin tashin hankali. In tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti. Ban da man goge baki, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai.

Ka saya wa babban ƙwallo, ko littafin zane da fensiran kala, ko littafin labaran Littafi Mai Tsarki mai hotuna. Ƙaramin kuma babbar motar roba da ba ta da batir, ko kofunan roba da ake jerawa. Mota mai batir takan mutu kafin sabuwar shekara, daga nan ko ka dinga sayen batir ko ka dinga rarrashi.

Tambaya: Ina riƙon 'yar yayata mai shekara 8 tare da nawa biyu. Kuɗin ba za su kai in yi wa kowa daidai ba. Laifi ne in rage nata, tunda iyayenta na iya aiko mata? Daga wata 'yar'uwa a Wusasa.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki rage. Yara ba sa tambayar farashi, ƙirga suke yi: wa ya sami riga da takalmi da tabarau, wa ya sami riga kawai. Ranar Kirsimeti za su jera su tafi coci, su fita yawo tare, kuma yarinya mai shekara 8 ta kai ta gane matsayinta a gida daga abin da ke jikinta. Irin wannan abin ba ya goguwa. Ki raba kuɗin gida uku, ki sauko da kowa mataki ɗaya: yadi mai sauƙin kuɗi amma iri ɗaya, tela ɗaya, rana ɗaya. In takalmi ba zai kai uku ba, a wanke na kowa a saya musu sababbin safa. In iyayenta za su taimaka, ki kira su tun yanzu su turo kuɗi a haɗa a tukunya ɗaya. Kada ki dogara da kayan da za a aiko, domin saƙo kan makara, ko ya iso bai yi mata daidai ba.

Tambaya: Za mu je gida da yara. Dangi suna da yawa, kowa kuma yana sa rai. A nan birni maƙwabtanmu Musulmi ne, kullum suna kawo mana naman Sallah. Ta ina zan fara? Daga wani magidanci a Kano, ɗan asalin Billiri.

Amsa: Malam, fara da kuɗin mota na zuwa da dawowa, ka ware na dawowar daban. Kuɗin mota kan hau a kwanakin da suka gabaci 25 ga wata, ya sake hawa bayan sabuwar shekara. In aiki ya bari, ku tafi da wuri. Tsaraba kuma a yi ta gida-gida, kada a bi kai-kai. Ka rubuta gidajen da ba makawa: iyayenka, surukanka, sai gida biyu ko uku na dattawa. Sabulu, sukari, gishiri, ɗanɗano da man girki, a saya a sari a raba a leda. Zani ɗaya ga kaka ya fi mata ƙananan abubuwa biyar. Yaran dangi kuma katan ɗin biskit da ledar alewa sun isa, tare da canjin ƙananan kuɗi da ka tanada tun kafin a shiga rububi.

Nama, shiga watanda da abokan aiki ko 'yan coci ya fi yanka akuya kai kaɗai sauƙi, amma ka biya kasonka da wuri, ka kuma san wanda ke riƙe da kuɗin. Maƙwabta kuwa, tunda ba za ku kasance a gari ranar ba, uwargida ta soya cincin a kai musu kafin tafiya, yara su kai da hannunsu. In akwai kaza ko nama a ciki, ka yi yadda gidaje da yawa suke yi a Arewa: ka roƙi maƙwabcin ya yanka da kansa, don ya ci hankalinsa kwance.

Tambaya: Yarana kan tara kuɗi a yawon barka da Kirsimeti. In karɓe ne ko in bar musu? Kuma mene ne ra'ayinku kan bashin manhajar waya don hidima? Daga wata uwa a Numan.

Amsa: Mama, kada ki karɓe a ɓoye da sunan ajiya, domin yaro ba ya mantawa, kuma baɗi ɓoye miki zai yi. Ku zauna da yamma ku ƙirga tare. Ki bar masa kaɗan ya sayi abin da ransa ke so, ya cire na baikon makarantar Lahadi, sauran ku saya masa littattafan rubutu da fensir na sabon zango yana gani. 'Yan ƙasa da shekara 7 kada su fita yawon sai da babba, kuma gidajen da kuka sani kawai.

Bashin manhaja ba mu goyi bayansa ba ko kaɗan. Wa'adinsa gajere ne, sau da yawa mako ɗaya zuwa wata ɗaya, wato zai faɗo daidai lokacin kuɗin makaranta, ga ruwa mai nauyi, wasunsu kuma sukan bi lambobin da ke wayarki suna tozarta ki in kin makara. In bana abin ya gagara, a wanke kayan bara a goge, a ƙara sabon abu ɗaya ga kowane yaro. Na baɗi kuma ki fara daga makon farko na Fabrairu: naira 2,500 duk mako a asusu, zuwa farkon Nuwamba mako 40 ke nan, naira 100,000. In adashi kika fi so, a Zumuntar Mata ko a kasuwa, ki nemi kwasarki ta faɗo a Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da tela bai cika ba.