Ku Tambaya Mu Amsa: Zan sayi sabon gida a hannun kamfanin gini

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni 'yar Mamobi ce a Accra, shekara da shekaru muna haya ni da yarana, yanzu yayana da ke Jamus ya ce zai taimaka mu sayi gida. Na ga wani estet a wajen Amasaman, ɗaki biyu da falo, fenti sabo fil, tayil ko'ina, sun ce in ba da rabin kuɗi cikin satin nan ko wani ya ɗauka. In biya?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Amma don Allah kar ki biya a satin nan. Duk mai ce miki yi sauri kar wani ya riga ki, to ki ƙara jan ƙafa, gidan da yake naki ba zai gudu ba.

Kafin fenti da tayil, ƙasar da gidan ke zaune a kai za ki fara tambaya, don kin san Accra, fili ɗaya a sayar wa mutum uku, ki tare da yaranki wata rana 'yan land gad, wato 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili, su zo bakin get ko kuma takardar kotu. Ki ce su ba ki kwafin indenca, wato takardar yarjejeniyar filin, da sait plan, wato taswirar filin, ki samu lauyanki na kanki, ba wanda kamfanin zai nuna miki ba, ya je Lands Commission, hukumar filaye ta gwamnati, ya bincika sunan wa ke kan filin. In suka fara kame-kame kan takarda, kin samu amsarki.

Sannan abin da mutanenmu da yawa ba sa lura da shi, filayen sarauta a Ghana ba a sayar da su har abada, haya ce ta dogon lokaci, ɗan ƙasa galibi shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa shekara 50 ce iyaka. To kamfanin ma haya ya karɓa, ke kuma abin da ya rage zai ba ki, sai ki tambaya shekara nawa suka rage, a rubuta a takarda, a kuma rubuta wa zai riƙa biyan kuɗin hayar filin duk shekara. Ki nemi ganin famit ɗin gini daga asambili, wato ƙaramar hukuma, ma.

Shi gidan kansa, ki tafi da magini wanda kika yarda da shi da mai aikin wuta, su hau su duba kwano, su buɗe famfo su ga ko ruwan Ghana Water ne ko sai kin riƙa sayen tanka, mitar wuta ta ECG taki ce ke kaɗai ko ta haɗaka. Ni dai in son samu ne ki koma wajen ranar da aka tafka ruwa a watan Yuni, wanda ya ga ambaliya da gobarar da aka yi a Circle cikin Accra ranar 3 ga Yuni 2015 ba ya wasa da hanyar ruwa. Ki duba gindin bango ko yana jan danshi, ki tambayi maƙwabta da suka riga suka tare, su ba abin da za su ɓoye miki.

Kuɗi kuma ta banki, kashi-kashi, in da dala suka sa farashi a rubuta yadda za a lissafa da sidi. Ki riƙe kashin ƙarshe sai sun gyara duk abin da maginin naki ya nuna, kuma su sa hannu cewa yoyo ko tsagewar bango da ya fito a damina ta farko su za su gyara da kuɗinsu. Ki tura wa Yaya hoton kowace takarda kafin ki sa hannu.