Sidi 40,000: kamfanin riba ko dala?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tara sidi 40,000 daga ɗinki a Aboabo, an kawo maka kamfanin da ke biyan kashi 10 cikin 100 duk wata, kana kuma tunanin sayen dala.

Kamfanin nan ka fita harkarsa. Kashi 10 a wata kashi 120 ke nan a shekara, kuma babu cinikin da ke kawo haka a kasuwar Kejetia ko a Adum da ke Kumasi. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, ranar da shiga ta ragu sai a rufe ƙofa. Kamfanin cinikin zinariya na Menzgold kashi 7 zuwa 10 duk wata ya riƙa alkawari, SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari a Ghana, ta dakatar da shi a Satumban 2018, mutane da yawa ba su ga uwar kuɗinsu ba. Lasisi ma bai isa ya kwantar maka da hankali ba: a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan cibiyoyin bashi 347, SEC kuma ta soke na kamfanonin juya kuɗi 53.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. Tambayi bankinka nawa gwamnati ke biya kan takardar bashinta ta kwana 91. Ko ba za ka saya ba saboda kuɗin ruwa, ta ishe ka awo: wanda ya ce zai ba ka ninkin hakan, ya nuna maka hajar da yake sayarwa da wanda ke saye. Gwamnatin ma, da cin bashi ya yi mata yawa, a Disamban 2022 ta ja wa masu takardun bashinta na dogon zango lokacin biya, ta rage musu abin da suke samu.

Dala kuwa ba ta da alƙibla. A 2022 ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14, a 2025 ta sauko daga 15 zuwa kusan 10. Wanda ya saya a sama ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. In ba da dala kake saro kaya ba, ba ka da buƙatarta.

Abin da ya fi maka shi ne sana'ar da ka sani. Ware kuɗin cefane da haya na wata uku a banki, kada ka taɓa. Sauran ka sayi keken ɗinki na lantarki da na surfani, ka saro shadda da zare tun watan Rajab kafin farashin Sallah ya hau, ka ɗauki yaro ɗaya ko biyu su koya. Inda ake karyewa biyu ne: haɗa kuɗin shago da na gida, da ɗinki bashi ga dangi. Ka yanka wa kanka albashi, ka rubuta shiga da fita kullum, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka sa almakashi. In za ka yi haɗin gwiwa da wani, a rubuta rabon riba da asara gaban shaidu biyu, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.