Zuwa ga Hamza, kan maganar gonar wiwi a Kanada

Hamza, saƙon muryarka ya iso tun daren Asabar, na kuma saurare shi har sau biyu. Ina fata Adda da sauran mutan gida suna lafiya, ya ruwa a Gombe? Na ga gara in amsa maka a rubuce, a inda wasu ma za su gani, domin kai ne na huɗu da ya yi min irin wannan tambaya a bana, sai dai su ukun ba 'ya'yan 'yar'uwata ba ne, don haka ban buɗe musu ciki sosai ba.

Ka ce ka gama karatun noma a ATBU, ka gama bautar ƙasa, kana zaune. Wani abokinka ya nuna maka bidiyon gonar tabar wiwi a Kanada, ya ce doka ta yarda, ana neman ma'aikata ruwa a jallo, dala kamar a share da tsintsiya. Sannan ka yi ƙasa da murya ka ce, "Kawu, wai an ce kai ma ka taɓa yi?"

E, na taɓa. Damina ɗaya, a 2019, ina tsakiyar digiri na biyu a Jami'ar Gwelf, nan Kanada. Kanada ta halasta abin a dokarta ranar 17 ga Oktoba 2018, kuma shekarar da ta biyo baya ce ta farko da kamfanoni masu lasisi suka fita fili suka shuka, maimakon cikin ɗaki. Gonar tana kudancin Ontariyo, kusa da tafkin Iri, ƙasa ce mai yashi wadda da can taba ake nomawa a kanta. An ɗauke ni ne don na karanci cututtukan tsirrai. Aikina in bi kunya-kunya ina leƙen cuta. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dalar Kanada 14 ne a awa, mu aka ɗora mana ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka cire haya da haraji da mota, ka ga tsintsiyar da abokinka yake magana.

Bari in gaya maka abin da bidiyon bai nuna ba, don shi ne ainihin aikin. Ka tuna dawar gonar Baffa, farfara da kaura? Ko a farkon Yuni ka shuka ko a ƙarshensa, ba za ta fid da kai ba sai dare ya fara tsawo, ruwa na shirin ɗaukewa. Sai ta nuna cikin kaka, iska a bushe, zangarniya tas. Wannan ba sa'a ba ce, kakanninmu ne suka yi ta zaɓen iri har suka samu wadda ta san lokaci. Shi ya sa in aka kawo sabuwar dawa mai saurin nuna, ta fid da kai cikin marka, sai ka ga ƙwayar ta yi baƙi-baƙi da funfuna. To ita ma wannan shuka tsawon dare take bi. A nan rana takan kai awa 15 a watan Yuni, sai cikin Agusta da dare ya ƙaru ta fara fure, ta nuna a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Matsalar ita ce kakar nan ba irin tamu ba ce. Daidai lokacin ne ake yayyafi na kwana biyu ko uku ba ƙaƙƙautawa, sanyi ya sauko, raɓa ta kwana a ganye har hantsi ba ta bushe ba, ga hazo mai laima daga tafkin. Ke nan amfanin yana nuna ne a cikin markar ƙasar.

Kan furen kuwa a cure yake, wani ya kai kaurin damtse. Ruwa in ya shiga tsakiyarsa ba ya fita. Nan funfunar toka take samun wurin kwana, wadda ka karanta a aji da sunan Botrytis cinerea. Ba ta son zafi irin na Gombe. Sanyi-sanyi na digiri 15 zuwa 20 da 'yan kai, da laima mai nauyi, shi ke nan ta samu gida. Mugun halinta shi ne daga ciki take farawa. Ka tsaya gaban shuka ka gan ta kore shar, sai dai wani ɗan ƙaramin ganye guda da ya leƙo daga cikin furen ya yi yaushi, ya koma ruwan ƙasa. Ka kama shi da yatsa biyu ka ja a hankali. In ya taho ba gardama, kamar gashin kazar da aka tsoma a ruwan zafi, to an gama. Ka buɗa wurin za ka tarar da cikin ya yi laushi, da wani gashi-gashi mai launin toka, da wari irin na tabarmar da ta kwana a jiƙe.

Ranar da na fara gani, zumuɗi ya sa na ɓare furen gaba ɗaya ina kiran shugabar sashenmu ta zo ta duba. Wata 'yar ƙura ta tashi. Matar ta tsaya daga nesa, ta dube ni, ta ce yanzu na shuka wa maƙwabtan shukar guda goma cutar. Ƙurar nan ita ce irin cutar, iska ce motarta. Daga ranar na koyi ladabi: a fara lulluɓe reshen da leda, a yanke can ƙasa da inda ruɓar ta tsaya, a ɗaure, a tsoma almakashi cikin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa wata shuka. Kuma ba a jefarwa bayan gona. Kowace leda sai an auna, an rubuta, an lalata gaban shaidu, saboda hukuma tana bin lissafin abin har giram, ga shinge, ga kyamara ta kowace kusurwa.

Na san abin da ke ranka: ba sai a yi feshi ba? Nima haka na ce a makon farko. Na kawo shawarar mankozeb, irin wanda mutanen lambun Dadin Kowa ke damawa a jarka su watsa wa tumatir. Kallon da aka yi min sai ka ce na ce a zuba fiya-fiya a kunu. Abu ne da mutane za su ƙona su shaƙa, don haka magungunan da aka yarda da su 'yan kaɗan ne, yawancinsu ƙwayoyin halitta ne masu gogayya da cutar, sai wani gishiri ɗan'uwan bakar hoda da ke rage farar funfunar nan mai kama da an barbaɗa gari a ganye, irin wadda kake gani a kuɓewa da kabewa. Tun farkon 2019 dole ne a kai samfurin kowane kaso ɗakin gwaji a nemi ragowar maganin feshi. In aka samu haramtacce, kason ya tafi. Su kuma waɗanda aka yarda da su rigakafi ne. Furen da ya riga ya ruɓe ba maganin da zai tashe shi.

Saboda haka yaƙin duk na iska ne da bushewa, kuma tun ranar dashe ake cinsa ko a faɗi. A ba da tazara mai faɗi ko da ido na ganin asarar fili. A ja layuka su bi hanyar da iska ta saba bi. A tayar da kunya don kada ruwa ya kwanta a gindi saiwa ta ruɓe. Ban-ruwa ta siririn tiyo a ƙasa, da safe, ba a jiƙa ganye. Cikin Agusta a rage ganyen ciki da ƙananan rassan ƙasa, har sai ka iya hango hasken wancan gefe ta cikin shukar. A kafa sanduna da raga, don reshen da ruwa ya yi wa nauyi ya tsage, tsagar ƙofa ce. Tsutsa ma ƙofa ce: irin mai cin goyon masara takan huda furen ta shige, ta bar kashinta, ruɓa ta biyo sawunta. A watan Oktoba karatu ya riga ya dawo, ranakun Asabar da Lahadi kawai nake zuwa. Bayan kowane ruwa sai a ba mu injin hura iska irin na share ganye a tsakar gida, mu goya a baya mu bi layi muna kakkaɓe ruwa daga furanni, tun gari bai waye sosai ba, yatsu sun ƙage. Ɗan Gombe da digiri, yana yi wa ganye fifita. Nakan yi wa kaina dariya.

Abu mafi wuya shi ne hukuncin girbi. Hasashen yanayi ya ce ruwan kwana huɗu na tafe, amfanin kuma saura mako guda ya cika. A yanke yanzu a samu mai rauni, ko a jira a yi caca? A wani ɓangare an jira. Iri ne mai curarren kai, mai jinkirin nuna, wanda aka saba nomawa cikin ɗaki, ba a taɓa gwada shi da raɓar Allah ba. Da na dawo Asabar ta gaba, ledojin da muka cika a wurin sun fi abin da ya shiga ɗakin shanya. Irin da ke gefensa, mai sakakken fure da saurin nuna, wanda kowa ke rainawa, shi ya fita kunya.

Ana gama girbi aka sallami yawancinmu. Aikin kaka ne. Kuma cikin shekarun da suka biyo baya kaya suka yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi, manyan kamfanoni suka rufe wurare suka rage dubban ma'aikata. Wanda ya ce maka ana neman mutane ruwa a jallo, labarin 2018 yake ba ka.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin. Dokar Kanada a iyakar Kanada ta tsaya. A dokar tarayya ta Amurka abin bai halasta ba, kuma mai koren fasfo irin namu da ya rubuta wannan aiki a takardar neman biza ya ba jami'i dalilin da zai hana shi. A gida ka fi ni sani: tun 1966 akwai dokar da ta haramta nomanta, NDLEA kuma tun kafa ta a 1989 take kama mutane, har yau tana ƙona gonaki a dazukan Ondo da Edo. Kada ma wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a bayan Kwami ko Dukku, gidan yari zai girba. Batun addini kuwa ni ba malami ba ne. Na yi ta lallashin kaina cewa ai ni cuta nake dubawa, wasu ma don magani suke saye. Amma duk lokacin da Inna, Allah ya ji ƙanta, ta tambaye ni a waya me ake nomawa a gonar, sai in ce "ganye ne, kamar rama." Ganyen dai ya yi kama da na rama, ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Aikin da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata sunansa ba, na ga ba zan mai da shi sana'a ba. Ban koma ba.

Amma abin da na koya a kunyoyin nan shi nake ci har yau. Ina aiki a rumfunan gilashi na tumatir da kokwamba a yankin Liminton, kuma funfunar tokar nan dai ita ce abokiyar kokawata, ta wurin da aka yanke ganye take shiga kara. Ilimin laima da iska da tazara bai san sunan shuka ba. Gida kuma ya fi nan buƙatarsa. Ka tuna yadda cutar funfuna ta cinye cittar kudancin Kaduna a 2023. Ka dubi gyaɗa da masarar da ake zubawa a buhu ba su gama bushewa ba, su yi kore-kore, su tara gubar afilatoksin mai lalata hanta, wadda saboda ita cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage gubar. Manoma nawa ne a Billiri ko Kumo suka taɓa jin sunansa? Ga burtuntuna a dawa, wadda wanke iri da magani kafin shuka ke rage ta ƙwarai, amma har yau ana ganinta.

In zuwa kake so, ka zo ta ƙofar karatu, ka nemi digiri na biyu na bincike a kan cututtukan tsirrai, irin wanda malami ke ɗaukar ɗalibi da kuɗin bincikensa. Ka sani ƙofar ta ƙuntata. A 2024 gwamnati ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu, ta kuma ɗaga kuɗin da za ka nuna na zama zuwa dalar Kanada 20,635 a shekara, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, kuma takan sake duba adadin. Aikin waje da makaranta awa 24 ne a mako lokacin karatu. Ba wanda ke biyan kuɗin makaranta da wannan, kada wani dillali ya sa Adda ta sayar da filinta na Tumfure.

Ka turo min sakamakonka na ATBU da aikin bincikenka na ƙarshe in duba. Kafin nan ga aiki: ka je Dadin Kowa cikin makon nan tunda marka ta kama, ka sami mai lambu guda, ka ɗauko min hoton ganyen da ya yi tabo, sama da ƙasansa, ka rubuta tazarar shukarsa, da ranar da aka yi ruwan ƙarshe, da abin da ya fesa. Ka yi haka duk mako har kaka. Wasiƙar da za mu rubuta wa malaman nan, da waɗannan bayanan naka za mu buɗe ta.

Ka gaida Adda, ka ce mata maganar wancan aikin ni zan gaya mata da bakina. Kawunka.